Tokar da Aka Shafa Mini a Kanchipuram

Ranar da zan bar Maraɗi, Baba bai yi mini doguwar nasiha ba. Na same shi a bakin karofi, hannuwansa shuɗaye har gwiwa kamar kullum. Ya ɗago ya dube ni, ya sa yatsa ya dangwali goshina har shuni ya bar mini tabo, ya ce: "Wanga ajiya ce na ba ka. Tahi duk inda karatu ya kai ka, amma kada in ji ka duƙar da shi ga wanin Allah. In na ji, ka nemi wani uba." Ya mayar da hannu cikin rini. Baba marini ne, kuma ba ya faɗin magana sau biyu.

Shekara huɗu na riƙe ajiyar nan a birnin Lyon, can Turai, ba tare da wata wahala ba, don a can babu mai neman goshin mutum sai sanyi. Ina da ɗaki a unguwar Bron, hawa na shida, ina karatun haɗa rini na siliki. Ɗan marini ya ƙetare teku don ya koyi rini, 'yan'uwana sun yi dariyar wannan har sun gaji. Da fari Baba kan aiko mini da wasiƙa da ajami, layi biyar ko shida, da hannunsa. Daga baya wasiƙun suka ɗauke, kaset ya maye gurbinsu, yana magana kaji na kuka a bayansa. Na ɗauka zamani ne ya iso shi, har na yi masa murna.

Malamar da ke duba aikina Bafaranshiya ce, ta haura sittin, gajera, mai saurin tafiya. Ba ta san gajiya ba, kuma ba ta yarda wani ya san ta ba. Madam muke ce mata. A tsakiyar shekarun casa'in ta ɗauke ni zuwa kudancin Indiya, garin Kanchipuram, mu ga yadda masaƙansu ke rina siliki. Kwana tara muka yi muna shiga gidajen masaƙa, kuma ban taɓa jin daɗin aiki kamar na kwanakin nan ba. A nan na saya wa Baba tsaraba, yadi uku na siliki, zaren tsaye shuɗi, na kwance ja, in ka juya shi a haske sai launin ya sauya. Na zaɓe shi da gangan. Baba kan dubi tufa daga nesa ya gaya maka sau nawa aka tsoma ta, ni kuma ina so in ga ranar da wani tufafi zai sa shi ya yi shiru.

Rana ta goma ba aiki. Ni na shirya barci. Madam ta shirya gidajen bauta.

Na ce mata zan raka ta har ƙofa in jira a inuwa. Ta dube ni kamar na ce zan ci abinci da ƙafa. Ta ce wanda ya zo garin nan bai ga gine-ginensa ba, bai zo ba, kuma tarihi za mu kalla, ba wanda ya ce in yi sujada. Na auna maganar na ga ba ta kauce ba. Kallo zan yi, goshina yana wurina, kuma ni nake riƙe da shi. Na bi ta, da ita da kyamararta, da wani siririn ɗan jagora mai laima wanda ke Faransanci irin na cikin littafi.

Abin da ba a gaya mini ba shi ne garin ba gidan bauta ɗaya gare shi ba. In ka fito daga wannan, hasumiyar wancan tana leƙenka ta saman rufin shaguna. Kowace hasumiya hawa bisa hawa, an cika ta da sassaƙe tun daga ƙasa har inda wuya zai ƙage, mutane da dabbobi da waɗanda ba mutane ba ba dabbobi ba, kuma ɗan jagora ya san sunan kowa da na uwarsa da wanda ya yi faɗa da shi. Madam tana rubutawa. Ni ina lissafin yawan hasumiyoyin da suka rage a sararin sama, raina yana ɓaci.

Sai maganar takalmi. A kowace ƙofa ana tuɓewa, wannan bai dame ni ba, mu ma haka muke yi. Amma daga ƙofa zuwa ginin akwai fili shimfiɗe da dutse, rana ta dafa shi tun safe. Madam ta zaro safa mai kauri daga jakarta ta sa, ta miƙo mini wata. Na ƙi. Na ce mata ni ɗan Maraɗi ne, na yi kiwon awaki ba takalmi a tsakiyar bazara, dutsen Indiya ba zai koya mini zafi ba. Na manta shekara huɗu tafin ƙafata yana cikin safa da takalmin sanyi, ya koma kamar na jariri. Taku goma na yi na gane kurena. Na ƙarasa filin da tsalle-tsalle daga inuwar wannan ginshiƙi zuwa ta wancan, tsofaffin mata na wucewa ta gefena a natse, da furanni a hannu, suna kallona da tausayi. Madam ba ta sake tayin safar ba, ni kuma girman kai bai bar ni na roƙa ba.

A wani babban gida aka kai mu zauren da ake ce wa mai ginshiƙi dubu. Madam ba ta yarda da abin da ba ta ƙirga ba, ta fara. Ta kai wani wuri ta rikice, ta koma farko. Na zauna a gindin ginshiƙi ɗaya ina duba tafin ƙafata, na ce a raina ko dubu ne ko ɗari, ni dai wannan guda ya ishe ni.

Ba zan yi ƙarya in ce ban ga abin mamaki ba. A wani zaure akwai sarƙa rataye a kusurwar rufi, zobe cikin zobe, duk daga dutse ɗaya aka sassaƙo ta, kuma tana motsi. Na daɗe a ƙarƙashinta. A wani tsohon gida can gefen gari, wanda zakunan dutse suka kewaye tsaye da ƙafafun baya, na leƙa cikin ƙananan ɗakunan da ke jikin katanga na ga ragowar fenti, ja da kore da rawaya, ɗaruruwan shekaru bayan wanda ya shafa ya koma ƙasa. Nan na manta da ƙafata. Na so a ce Baba yana wurin, don na san zai kanne ido ɗaya ya ce ga abin da suka haɗa.

A ƙofar gida na biyar ko na shida aka tsayar da giwa, an yi mata zane a fuska. In ka ba ta tsaba sai ta karɓa da hanci ta miƙa wa mai ita, ta ɗora maka hancin a ka. Mutane na layi suna sunkuyar da kai. Na ce to, ga tarkon da Baba ya hango mini. Na ja da baya, na zagaye ta da nisa. Madam ta shiga layi, giwa ta jiƙa mata gashi, ta dawo tana dariya kamar yarinya. Ni kuwa na shiga ciki ina yaba wa kaina, ga ɗan halak da ya tsare amana.

Cikin ginin duhu-duhu ne, da ƙamshin mai da furanni, dutsen ƙasa da sanyi, ƙafata ta sami sauƙi. Muka bi wani siririn lungu. Sai ga wani tsoho yana tahowa, sa'an Baba ko ya girme shi, furfura fat, ba riga, zare rataye a kafaɗarsa, riƙe da faranti mai 'yar wuta da toka da jan gari. Lungun ba ya ɗaukar mutum biyu. Ya tsaya a gabana, ya dube ni, ya faɗi wata magana da taushin murya.

A gidanmu ba a tsayawa ƙiƙam a kan dattijo. Tun ban san hannun damana ba aka koya wa gwiwoyina wannan, kuma ba sa shawara da ni. Kafin in yi tunani na durƙusa, na sunkuyar da kai, hannu a ƙirji, har na ji bakina yana cewa ina wuni. Na ji babban yatsa mai sanyi ya ja layi a goshina, ya koma ya dangwala a tsakiya. Haske ya walƙa. Madam ta ɗauki hoto.

Na miƙe na waiwaya. A bayan tsohon, cikin wani rami a jikin bango, ga baƙin gunki an rataya masa furanni. Wato abin da ke cikin kyamarar shi ne ni, ba takalmi, durƙushe, kai a ƙasa, gaban mai hidimar gunki, gunkin yana kallonmu. Tsohon ya yi mini murmushi ya wuce abinsa, shi a ganinsa alheri ya yi wa baƙo. Ɗan jagora ya ce na yi sa'a, ba kowa yake yi wa haka ba. Na kama gefen rigata na goge, jan ya bazu har gira.

Na ce wa Madam ta lalata hoton. Ta ce shi ne mafi kyau a duk tafiyar, kuma fim ɗin da yake ciki shi ke ɗauke da aikinmu na gidajen masaƙa, ba a ciro guda a bar saura. Na yi mata bayanin Baba. Ta saurara da kyau, ta ce ai sai in gaya masa gaisuwa ce. Haka Turawa suke, suna tsammani kowane uba ana zama da shi a yi masa bayani. A masauki na wanke goshi da sabulu sau uku, na yi alwala, na yi istigfari. Allah ya san niyyata, wannan ban yi shakka ba. Baba ne bai sani ba.

Mako biyu da komowarmu Lyon, ranar Juma'a, Madam ta miƙo mini ambulan mai kauri cike da hotunan tafiyarmu ta ce nawa ne. Ya zo daidai, don kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ke tuƙi a wani ofishin jakadanci a Paris, zai tafi gida hutu ranar Lahadi, kuma ta hannunsa zan aika tsaraba. Asabar da safe na shiga jirgin ƙasa. Muna barin gari na buɗe ambulan, na huɗu a jeri sai ga shi. Ya fi yadda na zata muni, don Madam ta iya ɗauka, har wutar farantin ta haska mini goshi. Na zare shi, na yayyaga shi ƙanana, na zuba a kwandon shara. Sauran ban duba ba, raina ya riga ya ɓaci. Na mayar da su na jingina kai, na ce an gama.

Kawu yana zaune a Montreuil, gefen Paris, a fuwaye, gidan kwanan ma'aikatanmu na Afirka ta Yamma. Na tarar da ɗakinsa cike, kowa ya kawo saƙon da za a kai masa gida, akwatuna a buɗe, ana dafa shayi a ƙasa. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Da aka ji daga Indiya nake sai tambayoyi suka taso. Da gaske ne suna waƙa a kan titi? Na ga inda ake rawar nan cikin ruwan sama? Na ce masaƙa na gani da duwatsu masu zafi, aka dube ni kamar wanda ya je biki ya dawo da labarin bango.

Sai aka ce a kawo hotuna. A wurinmu hoto ba a kallonsa a ɓoye, babba ke fara karɓa, ya duba, ya miƙa na kusa, ya zagaye ɗaki. Kawu ya sa tabarau ya fara. Ga ni gaban masaƙa, ga Madam da giwa, aka yi dariya. Can wani da ke leƙawa ta kafaɗar Kawu ya ce: "Wanga ai mun gane shi ɗazu. Bibbiyu aka wanke su."

Ashe Madam, don kirki, ta sa an wanke kowane hoto sau biyu, jeri na biyu yana ƙarƙashin na farko. Ina kallo Kawu ya wuce na ɗaya, na biyu, na uku. A na huɗu ya tsaya. Ya daɗe. Ya dube ni ta saman tabarau, ya sake duban hoton. Bai miƙa wa kowa ba, ya sa shi a aljihun gaban rigarsa, ya ci gaba da na biyar.

Na ci shinkafa ban san da wace miya ba. Da la'asar ya rako ni bakin tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na ga in ban yi magana yanzu ba na rasa.

"Kawu, hoton nan."

"Wane?"

"Na aljihu. Bai yi kyau ba, a bar mini shi."

"Wanga? Shi ya hi duka kyau. Shi zan hwara kai ma tsoho."

"Kawu, don Allah. Gaisuwa ce kawai na yi, ban san abin da zai yi ba."

"Bon, to mi kake tsoro? Sauka, jirginka na tahiya."

Ya juya ya tafi, hannu a baya. Ba a kama rigar kawu a titi, ba a sa masa hannu a aljihu. Na tsaya a kan matakala ina jin kamar in fashe.

Mako shida ya yi a gida. A cikinsu na rubuta wa Baba wasiƙar bayani ta fi sau goma, kowace in na karanta sai in ga ta fi hoton kama da laifi, in yaga. Na yi fushi da Madam, na daina cin abincin rana tare da ita, ba ta ma lura ba. Na yi fushi da Kawu, da ɗan jagora, da wanda ya gina lungun nan siriri. Na fi fushi da gwiwoyina. Na zagaye giwa guda don kada kaina ya sunkuya, na zo na durƙusa da kaina, da tarbiyyar da Baban da kansa ya ba ni. Kuma ina tsoro, tsoro na gaske. Na san in ya ce na nemi wani uba, ba zai janye ba.

Wata Asabar da hantsi na sami ƙunshi a akwatin wasiƙa, daga Montreuil. Kaset ne, ba ko takarda. Na hau sama, na rufe ƙofa, na sa shi a rediyo, na zauna a ƙasa.

Ga kajin, ga muryar Baba. Ya yi sallama, ya gaishe ni, ya tambayi sanyi, ya tambayi karatu, ya isar da gaisuwar kowa ɗaya bayan ɗaya har da maƙwabta, ni kuwa ina jiran maganar hoton. Sannan ya ce: "Hotunanka sun iso. An ce mini ka yi ƙiba. An ce mini akwai wata giwa. Kuma kawunka ya ce akwai guda da ka durƙusa kana gaida wani tsoho na can ƙasar. Wanga ya yi mini daɗi. Ashe Turai ba ta ɗauke maka ladabi ba. Allah shi yi maka albarka."

Na kwanta rigingine a ƙasa ina dariya ni kaɗai, har hawaye. Na yafe wa Madam, na yafe wa giwa, na ce Kawu ya cika ɗan duniya. Kaset yana ta juyawa.

"Tufan da ka aiko kuma ya iso. Na taɓa shi, na murza, aikin ƙwarai ne, zaren ya yi laushi, saƙar ta yi ƙarfi. Uwarka ta ce shuɗi ne, ƙanwarka ta ce ja ne, sun ƙi shiryawa. Kai da ka saye, in za ka aiko da amsa, ka hwaɗa mini wane launi ne."

Na tashi zaune. Na mayar da kaset baya na sake ji. Na mayar da shi can farko, na ji "an ce mini" sau biyu, da "kawunka ya ce". Na tuna wasiƙun ajami da suka ɗauke, da murnar da na yi.

Na sauka ba ko rigar sanyi, na shiga rumfar tarho da ke bakin titi, na kira fuwaye, aka nemo mini Kawu. Ban gaishe shi yadda ya kamata ba.

"Tun yaushe?"

Kawu ya ce: "An shiga shekara ta biyu. Hwarin abu ya rufe mai ido duka biyu. Shi ya hana a hwaɗa maka, ya ce sai ka ƙare karatu."

"Kun bar ni ina aiko masa da hotuna."

"Yana so. Riƙe su yake, a zauna a gaya mai abin da ke ciki. Naka na aljihu ni na gaya mai, ba wanda ya gani sai ni, kuma na komo da shi. Abin da na gani na hwaɗa, yaro na gaida tsoho. Ko ba shi ka yi ba?"

Na ce shi na yi. Na so in yi masa faɗan mako shidan da ya bar ni a ciki. Kafin in fara, katin tarhon ya ƙare, layin ya yanke.

Ina da ƙyalle na silikin nan da na yanke don gwaji a makaranta, faɗin tafin hannu. Na ɗauko shi, na tsaya a taga inda rana ke shigowa, na sa sabon kaset, na danna jan maɓalli. Na gaishe shi, na gaida kowa. Na ce Baba, in ka shimfiɗa shi ka dube shi daga sama, shuɗi ne irin na tsomi na biyar, kafin ya kai baƙi. In ka karkata shi wajen haske sai jan ya taso daga ƙasa, kamar jan karan dafi a fata. A wurin ninki kuwa su biyun suna haɗuwa, ba ni da sunansa, amma ya yi kusa da turkuɗin da ya sha bugu. Na yi ta juya ƙyallen ina faɗa masa har fuska ɗaya ta kaset ta cika, na juya ɗayar. Ban gaya masa cewa don idonsa na saye shi ba.